Yaronmu ya tafi ƙwallo: tambayoyi da amsoshi kan halin da zuciyarsa ke ciki

Daga Ɗambatta zuwa Ringim, daga Rano zuwa Gumel, da wuya ka shiga gari ba ka ga filin ƙwallo a bayan firamare da gidan kallo a bakin kasuwa ba. Kusan kowane gari kuma yana da yaronsa da ake nunawa ana cewa, "Wannan ai sai Turai." Da zarar maganar ta wuce wasan yamma ta kai ga makarantar horar da ƙwallo, ko gwaji a Kano da Abuja da Legas, ko sa hannu a kwantiragi, kowa ƙafar yaron yake kallo. Ba kasafai ake tambayar abin da ke ransa ba. Ga tambayoyin da iyaye, yayye, kociyoyi da su kansu yaran suka fi yi.

Ɗana shekararsa 14, duk wanda ya gan shi a fili sai ya ce zai yi nisa. Da gaske zai kai?

Yana iya kaiwa. Sadio Mane daga ƙauyen Bambali na Senegal ya fito. Ahmed Musa ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18 a kakar 2009/2010 tun bai cika shekara 18 ba, daga nan ya wuce VVV-Venlo ta ƙasar Holand.

Amma a duba ɗaya ɓangaren. A Ingila, inda ƙungiyoyi ke da filaye masu ciyawa da likitoci da abinci na musamman, cikin yaran da ake ɗauka makarantun ƙwallo tun suna shekara 9, ba a samun ko ɗaya cikin ɗari da ƙwallon ke zame wa sana'a. Najeriya ta ɗauki kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 har sau biyar, a 1985, 1993, 2007, 2013 da 2015. Ka sa samarin gidan kallo su lissafo maka waɗancan zakarun. Za su ce Kanu, Iheanacho, Osimhen, Chukwueze, su ƙara wasu 'yan kaɗan, sai lissafi ya tsaya. Sauran ba raggaye ba ne. Wani rauni ya tsayar da shi, wani mugun dillali, wani kuma rabonsa ne ba ya can.

Ku bar shi ya buga, ku mara masa baya, amma kada gida ya rataya rayuwarsa a ƙafar yaro ɗan shekara 14. Wanda ya san ko ya kai ko bai kai ba matsayinsa a gidan ubansa yana nan, shi ya fi buga wasa da sakin jiki.

Yaron da ya samu abin da dubban yara ke nema, me kuma zai dame shi?

Wannan tambayar ita ce take rufe bakin yaran. Sun san haka za a ce, sai su yi shiru.

Ku dubi rayuwarsa. Yaro ne da bai taɓa kwana a wajen garinsu ba sai ko gidan kakarsa. Yau an kai shi masauki, ɗaki guda da yara shida ko takwas, wasu ba sa jin Hausa, shi kuma Turancinsa bai nuna ba. Tuwo da miyar kuka sun zama labari. Ba mai tashinsa sallar asuba. Abokan ɗakinsa kuwa su ne masu neman gurbin da yake nema, don haka ko yana son ya buɗe wa wani cikinsa, sai ya tuna gobe tare za su tsaya gaban koci. Kullum ana auna shi: gudunsa, nauyinsa, kuskurensa na jiya. Ran Asabar a karanta sunayen 'yan wasa, nasa ba ya ciki, ya zauna a benci, da dare a kira daga gida a ce, "Ƙwallo nawa ka ci yau?"

Manya ma abin bai bar su ba. A binciken da ƙungiyar 'yan wasa ta duniya FIFPRO ta fitar a 2015, kashi 38 cikin ɗari na 'yan wasan da ke bugawa da aka tambaya sun nuna alamun ciwon damuwa ko fargaba. Victor Osimhen, wanda ya ci ƙwallo 10 a gasar 2015 a Chile, ya je Wolfsburg ta Jamus a farkon 2017, ya yi shekara ɗaya da rabi bai ci ƙwallo ko ɗaya ba, ga rauni, ga zazzaɓin cizon sauro, ƙungiyoyi biyu a Beljiyam suka gwada shi suka ƙi ɗauka, kafin Charleroi ta karɓe shi aro. Shi ne ya zama gwarzon Afirka a 2023. Masu kallo gwarzon suke tunawa. Wancan saurayin ɗan shekara 19 da ke zaune shi kaɗai cikin sanyin Jamus, shi ya fi kama da ɗanku.

Ni mahaifiyarsa ce. A waya kawai muke gaisawa. Ta yaya zan gane ba lafiya ba?

Ke kika fi kowa sanin muryarsa, ki yarda da kunnenki. Ki lura idan kiran da yake yi kullum ya koma sau ɗaya a mako, ko kuma akasin haka, ya dinga kira tsakar dare ba shi da abin faɗa. Ki lura idan duk amsarsa ta zama "lafiya lau" a gajarce, idan ya daina tambayar ƙannensa da tumakinsa, idan yana yawan kukan ciwon kai, ciwon ciki da rashin barci ba tare da zazzaɓi ba. Samarinmu ba sa cewa "ina cikin damuwa". Cewa suke "jikina ba ƙarfi", ko "na gaji", ko "abin ya fita raina".

Ki kuma canza tambaya. Maimakon a fara da ƙwallo, a fara da shi:

"Auta, me ka ci da rana?"
"Shinkafa, Umma."
"Ka cinye?"
"...Na ɗan taɓa."
"Da wa kake hira a can idan an tashi daga fili?"

Shirun da zai biyo bayan wannan tambayar ta ƙarshe zai gaya miki abubuwa da yawa. Kada ki cike shirun da nasiha. Ki jira. Idan ya fara magana, kada a miƙa wayar ga mutum biyar su gaisa da shi.

Ai namiji ba ya kuka. Idan muka lallaɓa shi, ba zai zama rago ba?

Ƙwallo na son juriya, babu musu. Amma juriya daban, ɓoye ciwo daban. Annabi Yaƙub ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusuf har idanunsa suka yi fari, kuma shi ne ake buga misali da kyakkyawan haƙurinsa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Wa zai ce mazantakarsu ta ragu?

A ranar 26 ga Yuni 2018, sa'o'i kaɗan kafin wasan Najeriya da Ajantina a Rasha, aka sanar da kyaftin Mikel Obi cewa an sace mahaifinsa. Ya shiga fili ya buga bai gaya wa koci ko abokan wasansa ba. Miliyoyin mutane sun kalle shi, ba wanda ya ga komai a fuskarsa. Idan ɗan wasa babba zai iya ɓoye irin wannan, ku ƙiyasta abin da yaro mai jin kunyar babansa zai iya ɓoyewa. Yaron da aka koya wa haɗiye komai, abin ba ya ɓacewa. Yakan fito ta faɗa a fili, ta jan kati, ta ƙwaya, ko ya wayi gari ya tsani ƙwallon gaba ɗaya.

Wani mutum ya zo ya ce zai kai shi gwaji Turai, a kawo kuɗin biza da jirgi. Mu sayar da gona?

A'a. Kada ku sayar da gona, kada ku sayar da shanun huɗa.

Dokar FIFA ta hana a ɗauki yaro daga wata ƙasa zuwa wata don ƙwallo kafin ya cika shekara 18, sai a 'yan wasu halaye, kamar iyayensa su ƙaura can saboda dalilin da ba ƙwallo ba. Shi kansa Ahmed Musa sai da ya jira ya cika 18 a watan Oktoba na 2010 kafin ya fara buga wa ƙungiyarsa ta Holand. Wanda ya ce zai sa ɗan shekara 15 a kulob ɗin Turai, ko ƙarya yake, ko hanyar da zai bi ba ta halal ba ce. Ƙungiyar da take son yaro da gaske ita ke aiko da takardar gayyata, kuma ba ta tatsar iyaye. Tun 2023 FIFA ta dawo da tsarin ba dillalan 'yan wasa lasisi, don haka ku nemi ganin lasisin, ku je hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha a Kano ko Dutse ku tambaya, kada kuma ku miƙa fasfon yaro ga kowa ya riƙe. Idan abin ya yi kama da safarar mutane, hukumar yaƙi da safarar mutane ta ƙasa, NAPTIP, ce wurin zuwa.

Asarar kuɗin ma ba ita ce babba ba. Yaron da aka sayar da gonar gado dominsa ba ƙwallo yake bugawa ba, bashi yake biya. Kowace ƙwallo da ya ɓarar, gonar yake gani. Da yawa daga cikin waɗanda aka yasar a ƙasashen waje suna da hanyar dawowa, kunyar haɗa ido da iyaye ce take hana su.

Kowa yana rage shekaru. Mu ma mu rage masa biyu ko uku?

Kada ku yi. Tun 2009, lokacin da Najeriya ta karɓi baƙuncin gasar 'yan ƙasa da 17, ake ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu da na'urar MRI don tantance shekaru, kuma an sha sallamar yara daga sansani saboda haka. Ban da tonon silili, ku yi tunanin yaron da uba da koci suka haɗu suka koya masa ƙarya a kan ranar haihuwarsa, zai kwana ya tashi da tsoron kada wani ɗan ajinsu na firamare ya yi magana. Akwai kuma wanda aka zalunta: ɗan shekara 15 na gaskiya da aka ce bai da ƙarfi, alhali da ɗan 19 aka gwada shi.

Yara ba sa girma lokaci guda. Ƙaramin jiki a shekara 14 ba hukunci ba ne.

Makaranta fa? Ya ce ba ya iya haɗa biyu.

Ya haɗa. Ko wanda ya yi nasara, yawanci kafin shekara 35 ya rataye takalmi, saura rabin rayuwa. Kuma wanda bai iya karatu ba, wani ne zai karanta masa kwantiraginsa. Duk makarantar ƙwallon da ta ce yaro ya bar aji, ya bar Islamiyya, ya manta da WAEC da NECO, ba makomar yaron ce a gabanta ba.

Ya ji rauni, an ce sai ya yi watanni. Tun daga nan ya canza.

Rauni yana raba ɗan wasa da abokansa, da tsarin yininsa, da abin da ake yabonsa a kai, duk a rana ɗaya. Ba mamaki ya yi ƙunci ko saurin fushi. Ku bar shi ya dinga zuwa bakin fili, a ba shi wani aiki, ko riƙe agogo ne ko lura da ƙanana. Idan karaya ce ko gwiwa ta kumbura tana gocewa, a yi hoto a asibiti kafin a yanke shawarar ɗori. Ciwon da ke ƙasan ƙoƙon gwiwa a yara masu shekara 12 zuwa 15 kuwa sau da yawa na saurin girma ne, rage atisaye yake so, ba a ce yaro na ƙarya ba.

Babban haɗari a nan shi ne ƙwaya. Wani a masauki zai ce, "Sha wannan, ba za ka ji komai ba." Tiramadol yana kashe zafin, yaro ya buga a kan rauni ya ƙara ɓata shi, jiki kuma ya saba har ya kasa bari. Gwamnati ta hana maganin tari mai kodin tun 2018, amma kowa ya san bai ɓace ba. Duk maganin ciwo ya fito daga hannun likita.

Ana zaginsa a fili da Facebook idan ya yi kuskure. Me za mu yi?

Sani Kaita ɗan Kano ne. Bayan jan katin da ya samu a wasa da Girka a gasar duniya ta 2010, har barazanar kisa aka yi masa. Idan an yi wa ɗan Super Eagles haka, ɗan ƙaramin kulob ba zai tsira ba. Ya ajiye waya daren wasa, ya rufe sharhi ko ya toshe masu zagi, kada ya rama. Ku kuma a gida kada ku zama masu kawo masa rahoton abin da aka faɗa a majalisa ko teburin mai shayi.

Ni koci ne a ƙauye. Ba mu da likita, ba mu da ko isassun ƙwallaye. Me zan iya yi?

Abin da ke hannunka ya fi na likita yawa, domin kai suke gani kullum. Ka gyara kuskure, kada ka zagi uwar yaro ko ka laƙaba masa sunan da zai bi shi har girma. Idan za ka ajiye shi a benci, ka ja shi gefe ka gaya masa dalili kafin ya ji a bainar jama'a. Ka san wanda ya zo fili bai karya ba, da wanda tun asuba yake gona a damina, da wanda aka yi wa rasuwa. Ka bar su su yi barci, matashi na buƙatar awa 8 zuwa 10. Da azumi a mayar da atisaye mai nauyi bayan shan ruwa ko a sassauta. A gasar Firimiyar Ingila ma tun 2021 aka fara ɗan tsayar da wasa don Musulmi su buɗe baki.

Ka yi wa ƙungiyarka da yaranka rajista a hukumar ƙwallo. A tsarin FIFA, idan aka sayar da ɗan wasa daga ƙasa zuwa ƙasa, kashi 5 cikin ɗari na kuɗin ana raba wa ƙungiyoyin da suka raine shi daga shekara 12 zuwa 23. Da takarda, haƙƙinka zai same ka, ba sai ka yi gaggawar miƙa yaro ga duk wanda ya zo da mota ba.

Akwai maganar da ba a son yi, amma dole ce. Ana lalata da yara maza a harkar ƙwallo. A Ingila sai a 2016 tsofaffin 'yan wasa da yawa suka fito suna faɗin abin da wasu masu horarwa suka yi musu shekaru da dama baya. Wanda ke riƙe da makomar yaro yana da iko a kansa. Kada babba ya kwana ɗaki ɗaya da yaro shi kaɗai, kada a kira yaro gida da dare "don a tattauna", iyaye su san inda ake kwana a kowace tafiya. Idan yaro ya faɗi wani abu, a yarda da shi tukuna, a raba shi da mutumin, a kai maganar ga hukuma. Rufa-rufa wani yaron take jefawa.

An sallame shi, ya dawo gida. Ya shige ɗaki, ba ya fita.

Nan ne wurin da ya fi kowane haɗari, kuma nan ne aka fi sakaci. Ranar tafiyarsa rabin gari ne ya raka shi tasha. Ranar dawowa sai ya sauka a garin da ke kusa ya jira duhu, ya hau ɗan acaɓa ya shigo ta bayan gari da jakarsa, don kada a gan shi. Washegari yara na kiransa "ɗan Turai", wani da zuciya ɗaya, wani da gori. Tun yana shekara 10 sunansa ɗan ƙwallo, yau bai san ko shi wane ne ba. Abin da yake ji makoki ne, a ɗauke shi a haka.

A Ingila, a watan Oktoba na 2020, wani matashi ɗan shekara 18 da wata babbar ƙungiya ta sallama bayan raunin gwiwa ya kashe kansa. Abin ya girgiza masu harkar. A 2022 Crystal Palace ta fito da tsarin bibiyar yaran da ta sallama har shekara uku. Mu nan ba kulob ɗin da zai bibiyi ɗanku. Gida ne zai yi.

Uba ya fara magana, domin fuskarsa yaron ya fi tsoro. Ba sai an yi dogon jawabi ba: "Sannu da zuwa. Ka yi iya ƙoƙarinka, na gani. Babu wanda ke bin ka bashi a gidan nan." Kada a lissafa abin da aka kashe, ko da wasa. A hana ƙanne da 'yan uba yi masa ba'a. A ba shi 'yan kwanaki, sannan a jawo shi cikin jama'a sannu a hankali: cin abinci tare da maza a zaure, jam'i a masallaci, rakiyar baffansa kasuwar Maigatari ko Wudil. Kada a matsa masa da "to yanzu sai me?" a makon farko. Bayan ya huce a zauna a duba hanyoyi. Akwai ƙananan rukunonin gasar Najeriya, akwai gwaji a Kano Pillars ko Jigawa Golden Stars, akwai horarwa da alƙalancin wasa, akwai komawa makaranta ko koyon sana'a. Idan kuma ya ce ya gama da ƙwallo, a karɓa.

Wasu sun ce sammu ne ko iska. Mu je wajen malam ko asibiti?

Addu'a ba ta hana magani. Ku yi addu'a, ku kuma kai shi asibiti idan ƙuncin ya wuce mako biyu kullum ba sauƙi, ko ya daina ci da wanka da sallah, ko yana magana shi kaɗai, ko ya kama shaye-shaye. Ciwon damuwa ciwo ne kamar hawan jini, ana warkewa, kuma zuwa wajen likitan ƙwaƙwalwa ba ya nufin hauka. A fara da babban asibiti mafi kusa. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, da sashen da ke Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da asibitin Kazaure a Jigawa. Kada a ɗaure shi, kada a doke shi, kada a kai shi inda ake sa mari.

Idan ya ce gara ya mutu, ko ya fara rabar da takalmansa da rigunansa yana neman gafara ba dalili, kada a ce yarinta ce. A tambaye shi kai tsaye, tambayar ba ta jefa wa mutum tunanin. Kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da maganin ƙwari da na feshin gona daga inda hannunsa zai kai, a tafi asibiti a ranar.

Ya fara samun albashi. Laifi ne mu nemi taimakonsa?

Ba laifi ba ne, shi ma yana son ya yi. Amma a ƙananan ƙungiyoyi albashi kaɗan ne, wani lokaci a yi watanni ba a biya ba, yaro kuma ba zai faɗa ba, sai ya ci bashi ya turo. A sa mutum ɗaya a gida da buƙatu za su bi ta hannunsa, a yanke abin da zai iya turowa, sauran ya ajiye. Kada kowane kira daga gida ya ƙare da lambar asusu.

Ni ne yaron. Ina jin duk abin nan, amma ban san wa zan gaya wa ba.

Ka zaɓi mutum ɗaya da ba shi da hannu a zaɓen 'yan wasa, ba shi kuma da kaso a kuɗinka: yayanka, kawunka, malaminka na Islamiyya, ko wani tsohon ɗan wasa da ya bi hanyar. Idan bakinka ya yi nauyi, ka tura masa saƙon murya a WhatsApp, ka ce, "Yaya, akwai abin da ke damuna, ina son mu yi magana." Idan na farko ya ce ka yi haƙuri kawai ya wuce, ka nemi na biyu. Idan kuma tunanin cutar da kanka yana zuwa maka, kada ka jira gobe, ka tashi wanda ke kusa da kai yanzu ya raka ka asibiti.